Na'urorin binciken duniyoyi da sha'anin ƙarfe

Tun da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba kumbon Psyche a ranar 13 ga Oktoba, 2023, wani labari yake yawo a wayoyin jama'a, har ya iso majalisun ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, cewa Amurka ta gano wani dutse a sararin samaniya wanda zinariyar cikinsa za ta ishi kowane ɗan'adam ya zama attajiri, kuma har ta tura na'ura ta ɗebo. Dutsen, wanda shi ma sunansa Psyche, yana nan tsakanin duniyar Mars da Jufita, wani masanin taurari ɗan Italiya mai suna Annibale de Gasparis ne ya fara hango shi a 1852, kuma faɗinsa ya kai kimanin kilomita 280 ta ɓangaren da ya fi tsawo. Kumbon ma yana kan hanya, ana sa ran isarsa a 2029. Sai dai babu diga ko shebur a cikin kayan da ya ɗauka, ba zai sauka a kan dutsen ba, ba kuma zai dawo gida ba. Abin da ke jikinsa kyamarori ne, da ma'aunin maganaɗisu, da na'urar da ke tantance sinadarai daga nesa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ainihin dangantakar da ke tsakanin na'urori masu sarrafa kansu da ake aikawa wasu duniyoyi da ƙarafan da ke can: ana zuwa ne domin a karanta ƙarfen, saboda shi ne shaidar da ta fi kowace daɗewa kan yadda duniyoyi suka samu da abin da ya faru da su.

Dalilin da ya sa aka damu da Psyche yana komawa ne ga yadda duniyoyi masu duwatsu suka ginu. A farkon samuwarsu, fiye da shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce, zafi ya narkar da su, sai abubuwa masu nauyi, wato baƙin ƙarfe da nikel, suka nutse zuwa tsakiya suka zama cibiya, masu sauƙin nauyi kuma suka taso suka daskare suka zama duwatsun sama. Cibiyar ƙarfe ta duniyarmu tana farawa ne a zurfin kilomita 2,900, alhali rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa, wanda Tarayyar Sobiyet ta haƙa a yankin Kola, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba. Babu wanda zai taɓa ganin wannan cibiya da idonsa. Masana suna zaton Psyche na iya zama ragowar cibiyar wata ƙaramar duniya da karo da wasu duwatsu ya feƙe mata fata, kuma ƙiyasin da ake da shi yanzu shi ne ƙarfe ya ɗauki kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na jikinsa, mafi yawa baƙin ƙarfe da nikel. Idan zaton ya tabbata, an sami damar leƙa abin da yake binne a ƙarƙashin ƙafafunmu. Idan kuma bai tabbata ba, an gano wani nau'in dutse da ba a san irinsa ba, kuma duka biyun ilimi ne.

A duniyar Mars ne wannan karatu ya fi zurfi. Jar kalar da ake ganinta da ita tsatsa ce, wato baƙin ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijin, kuma duk wanda ya san marmarar da ake fasawa a ƙasarmu ana zuba wa hanya ya san wannan launi, domin sanadinsu ɗaya ne. Abin da ya sa tsatsa take da daraja a wajen masana shi ne ba iri ɗaya ba ce, kowane nau'inta yana da yanayin da yake samuwa a ciki, wani sai da ruwa, wani sai da zafi, wani sai da ruwa mai tsami. Kumbon Mars Global Surveyor ya hango wani ma'adinin ƙarfe mai suna hematait daga sama a filin Meridiani, shi ya sa aka zaɓi wurin aka saukar da Opportunity, wata motar bincike mai sarrafa kanta, a Janairun 2004. Da ta sauka sai ta tarar da ƙasa cike da ƙananan ƙwallaye na wannan ma'adini, irin waɗanda ke taruwa a cikin dutse idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana ratsa shi, sannan ta gano jarosait, wanda shi ma ma'adinin ƙarfe ne da ba ya samuwa sai a ruwa mai tsami. Ba a ga ruwan ba, domin ya ƙafe tun biliyoyin shekaru, amma ƙarfen ya riƙe bayaninsa, har da ɗanɗanonsa.

Motar Curiosity, wadda ta sauka a ramin Gale a Agustan 2012, ta ƙara wani abu da ya jawo muhawara. Ta sami manganis mai yawa a tsagogin wasu duwatsu, a siffar da a duniyarmu ba ta yawaita ba sai bayan da oksijin ya wadata a iska, saboda haka wasu masana suka ce watakila iskar Mars ta taɓa ƙunsar oksijin fiye da yadda ake zato. Wasu kuma suka yi gwaji suka nuna cewa wasu gishirai masu sinadarin kulorin da ke ƙasar Mars suna iya yin wannan aiki ba tare da oksijin na iska ba. Irin wannan taka-tsantsan ne aka yi da dutsen da motar Perseverance ta samu a Yulin 2024 a yankin ramin Jezero, wanda aka laƙaba wa suna Cheyava Falls. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigo masu ɗauke da ma'adinai biyu na baƙin ƙarfe, ɗaya haɗe da fosfet, ɗaya haɗe da farar wuta, kuma a duniyarmu ƙananan halittu ne suka fi haifar da irin wannan haɗi a cikin laka yayin da suke cin abin da ya ruɓe. A Satumban 2025 aka wallafa sakamakon, kuma masu binciken suka tsaya a kan cewa alama ce mai yiwuwa, domin akwai hanyoyin da ba na halitta ba da ke iya samar da ma'adinan. A ganina wannan tsayuwa ita ce daidai, kuma ta fi kanun labaran da suka ce an gano rayuwa mutunci. Abin lura dai shi ne, hujja mafi ƙarfi da ake da ita zuwa yanzu kan yiwuwar rayuwa a wata duniya ta rataya ne a kan yanayin da wasu ƙwayoyin baƙin ƙarfe suka sami kansu.

Yadda ake karatun ba shi da wuyar fahimta. Kowane sinadari idan ya ji zafi mai tsanani yana fitar da haske mai launi nasa na kansa, shi ya sa wayar jan ƙarfe take ba da harshen wuta kore idan an ƙona ta, gishiri kuma ya ba da rawaya. Curiosity tana da na'urar leza da ke harba haske a kan dutse daga nisan da ya kai mita 7, ta ƙone wani ɗan ɗigo da bai kai milimita ɗaya ba, sannan madubin hangen nesa ya ɗauki walƙiyar, a rarrabe launukanta, a san ko akwai alminiyam ko taitaniyam ko manganis da kuma yawansu. Hanya ta biyu ita ce a haska dutse da eksire, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kowane sinadari ya mayar da amsa da ƙarfin da ya keɓanta da shi. Motar Pragyan ta Indiya ta yi amfani da hanyoyin biyu a kusa da kudancin wata a Agustan 2023, ta tabbatar da farar wuta da alminiyam da baƙin ƙarfe da taitaniyam a wurin. Kayan karatun su ma ƙarfe ne: lezar tana aiki ne da sinadarin niyodimiyam, na'urar da ake mannawa a jikin dutse tana ɗauke da ɗan guntun kuriyam mai fitar da tururin nukiliya, Opportunity da takwararta Spirit kuma sun tafi da kobal mai fitar da irin wannan tururi domin tantance nau'in tsatsa, tare da maganaɗisu da ke kama ƙurar da ke yawo a iska.

Abin da ke can ciki kuwa ana gane shi ne ta wata hanyar. Na'urar InSight, wadda ta sauka a Mars a Nuwamban 2018, ta ajiye ma'aunin girgizar ƙasa ta naɗi girgiza fiye da 1,300, kuma daga yadda motsin yake ratsa duniyar yana dawowa aka gano cewa cibiyarta ta ƙarfe ce, mafi yawanta a narke, gauraye da farar wuta mai yawa. Ƙiyasin 2021 ya ba ta nisan kimanin kilomita 1,830 daga tsakiya zuwa baki, amma a 2023 aka rage adadin bayan an fahimci cewa akwai narkakken dutse da ya lulluɓe ta. Wannan batu ya shafi rayuwa kai tsaye, domin motsin narkakken ƙarfe a cikin duniyarmu shi ke samar da garkuwar maganaɗisu da ke kare mu daga guguwar da rana ke fesowa. Mars ta taɓa samun irin wannan garkuwa, kamar yadda maganaɗisun da ya rage a tsofaffin duwatsunta ya nuna, amma ta rasa ta kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce, kuma masana da dama suna danganta wannan da yadda iskarta ta zurare ruwanta ya ƙafe. Duniyar Mekuri tana da nata abin mamakin: kumbon MESSENGER da ya kewaya ta daga 2011 zuwa 2015 ya nuna cewa cibiyar ƙarfe ta cinye kusan kashi 85 cikin ɗari na nisan da ke tsakanin tsakiyarta da samanta, alhali ƙarfen da ke kan fuskarta ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Ƙasar Hausa tana da hannu a wannan tarihi ta inda ba a zata ba. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami, a lardin Katsina na wancan lokaci. Bayan shekaru, da aka gwada iskar da ta maƙale a cikinsa da ma'aunin iskar Mars da kumbunan Viking suka aiko a 1976, sai aka ga sun dace, aka tabbatar daga can ya fito. Shekarunsa ma da ƙarfe aka ƙidaya su, domin wasu ƙarafa irin su rubidiyam da samariyam suna rikiɗa zuwa wasu a hankali bisa ƙa'idar da ba ta saɓawa, kuma ta haka aka san cewa ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. An saka ɗan ɓarɓashinsa a jikin Mars Global Surveyor da aka harba a 1996, saboda haka wani yanki na dutsen Zagami ya koma yana kewaya duniyar da ya baro.

Ɗaya fuskar dangantakar na'urorin da ƙarfe ita ce jikin na'urorin kansu, inda kowane giram yake da tsada kuma kowane zaɓi yake da abin da ake sadaukarwa. Ƙafafun Curiosity shida an sassaƙa su ne daga alminiyam, faɗin kowace santimita 50, kaurin fatarta kuma milimita 0.75 kacal, domin a rage nauyin motar da ta riga ta kai kilo 899. A 2013 aka fara ganin huji da tsagewa a jikinsu saboda duwatsu masu kaifi da iska ta wasa, dole aka sauya hanyoyin da take bi, wani lokaci ma aka riƙa tuƙa ta da baya, kuma da aka zo ƙera Perseverance sai aka ƙara wa ƙafafunta kauri. A duniyar Zahara matsalar zafi ce da matsin iska. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a ranar 1 ga Maris, 1982, a wurin da zafi ya kai digiri 457, inda dalma da kuza da duk abin da ake liƙa wayoyin lantarki da shi suke narkewa, matsin iska kuma ya kusan ninka namu sau 90. An rufe kayan aikinsa a cikin tulun taitaniyam, an tsara zai yi minti 32, ya yi 127, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ya haƙi ƙasa ya auna sinadaranta. A Jufita kuma tururin nukiliya ne ke lalata kwamfuta, shi ya sa aka gina wa kumbon Juno akwatin taitaniyam mai kaurin santimita ɗaya.

Wani lokaci ana zaɓen ƙarfe ne domin kada ya ɓata shaida. Da NASA ta so ta fasa tauraruwa mai wutsiya ta Tempel 1 a Yulin 2005 don ganin abin da ke cikinta, ta yi kusan rabin abin da ta jefa mata, mai nauyin kimanin kilo 370, da jan ƙarfe, saboda ba a sa ran samun jan ƙarfe mai yawa a can, don haka ba zai rikita ma'auni ba. Kumbon Hayabusa2 na Japan ya harbi Ryugu, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, da harsashin tantalam mai giram 5 bisa wannan dalili, bututun da Perseverance ke adana samfura a ciki kuma na taitaniyam ne da aka tsabtace matuƙa.

Wutar lantarki ita ce ke yanke tsawon ran na'ura, kuma a nan ƙarfe guda ya yi fice. Opportunity ta dogara da farantan sola, ta yi shekara 14 tana aiki, ta yi tafiyar kilomita 45, har guguwar ƙura ta 2018 ta rufe mata rana. InSight ma ƙura ce ta taru a kan farantanta ta yi shiru a Disambar 2022. Curiosity da Perseverance kuwa kowace tana ɗauke da kilo 4.8 na makamashi mai ƙunshe da sinadarin fulutoniyam-238, wanda ba shi ne nau'in da ake haɗa bam da shi ba. Yana fitar da zafi da kansa dare da rana, wasu na'urori marasa motsi suna mayar da zafin lantarki na kimanin wat 110, kuma sai bayan shekara 87 da 'yan watanni ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Ana naɗe shi a cikin iridiyam domin kada ya watse idan roka ta yi haɗari. Da irinsa ne kumbunan Voyager biyu da aka harba a 1977 suka shafe fiye da shekara 45 suna aiko da saƙo. Ba a haƙo wannan ƙarfe daga ƙasa, a tukunyar nukiliya ake ƙera shi. Amurka ta daina yinsa a 1988, ta koma saye daga Rasha, sai a 2015 ta sake farawa a cibiyar bincikenta ta Oak Ridge da giram 50. Ƙarancinsa yana cikin abubuwan da ke ƙayyade yawan tafiye-tafiyen da za a iya yi zuwa wuraren da hasken rana ba ya isa sosai.

Wasu daga cikin waɗannan ƙarafa ba baƙi ba ne a wurinmu. Niyobiyam, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, shi ake haɗa bakin wasu injinan roka da shi tun zamanin Apollo, shirin Amurka da ya kai mutane duniyar wata, kuma daga kwalambait ake fitar da shi, ma'adinin da ke zuwa tare da tantalam da kuza. A shekarun 1950 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, mafi yawa daga tsaunukan Jos, a lokacin da Amurka ke tara shi domin injinan jiragen yaƙi; yau Barazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na niyobiyam. Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, a kudancin Jihar Kano, dangin na Jos ne, suna da kuza da kwalambait da zink, kuma mutanen yankin sun san narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa. Ruwayar kafuwar Kano ma tana cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama. Ƙarfe tsohuwar sana'armu ce, amma abin da ya ba ni takaici shi ne har yau ɗanyen dutse muke sayarwa, tacewa da aunawa da yanke farashi duk a hannun wasu suke.

Maganar haƙo ma'adinai daga sararin samaniya a kawo gida kuwa, alƙaluma sun isa su sanyaya ta. Hayabusa2 ya dawo da giram 5.4 a Disambar 2020. Kumbon OSIRIS-REx na Amurka, wanda ya ci kimanin dala biliyan ɗaya, ya dawo da giram 121.6 daga dutsen Bennu a Satumban 2023, nauyin da ko zinariya ce zalla kuɗinta ba zai kai dala dubu 50 ba. Sin ta fi kowa ɗebo mai yawa da na'ura, giram 1,731 daga wata a 2020 da giram 1,935 daga bayan wata a 2024. Hatta samfuran da Perseverance ta tara, har da na Cheyava Falls, suna can suna jira saboda shirin ɗauko su ya faɗa matsalar kuɗi. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a yi amfani da albarkatun can a can, kamar yadda wata na'ura a jikin Perseverance ta tace giram 122 na oksijin daga iskar Mars. Duk da haka ƙasashe sun fara shata doka tun yanzu. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 kan sararin samaniya ta hana kowace ƙasa mallakar duniyar wata ko wata duniyar daban, amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta ikon mallakar abin da suka haƙo, kuma Nijeriya da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, a Disambar 2022, wadda ta amince da amfani da albarkatun sararin samaniya. Ya dace 'yan majalisarmu su san abin da aka rattaba wa hannu da sunanmu.

Abin da ya riga ya dawo daga wannan aiki, kuma yake da amfani gare mu yau, shi ne fasahar aunawa. Ƙoƙarin ƙanƙantar da na'urar tantance ma'adinai ta cikin Curiosity ya haifar da wata da ake ɗauka a akwati ana kai ta daji, kuma na'urar eksire ta hannu da masu binciken ma'adinai ke amfani da ita tana aiki ne bisa ƙa'idar da motocin Mars ke bi, ana manna ta a dutse ko ƙasa ta faɗi abin da ke ciki cikin ƙasa da minti biyu. Mun ga abin da rashin wannan sani ya jawo a Zamfara a 2010, lokacin da aƙalla yara 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ba tare da sanin cewa cike yake da dalma ba, kuma da irin wannan na'ura ta hannu ma'aikatan agaji suka bi gida-gida suna auna ƙasa kafin a kwashe gurɓatacciyar. Mai haƙa a Riruwai da ke kai buhunsa wajen dillali yana dogara ne da ido da nauyi da abin da mai saye ya faɗa masa, bai san ko kashi nawa na tantalam ke cikin kwalambait ɗinsa ba, bai kuma san ko akwai guba a ƙurar da 'ya'yansa ke shaƙa ba. Kuɗin irin wannan na'ura bai fi na motar jami'in gwamnati guda ba, kuma jami'o'inmu na Kano da Wudil da Dutse suna yaye ɗaliban kimiyya da za su iya sarrafa ta. Gwamnatocin Kano da Jigawa suna iya ajiye ta a wuraren da ake cinikin ma'adinai, ƙarƙashin kulawar ƙungiyoyin masu haƙa da ma'aikatar lafiya, a riƙa auna kowane buhu kafin a yi ciniki, a kuma riƙa auna ƙasar gidajen da ake niƙa dutse a cikinsu lokaci-lokaci.